Daga Gudun Boko Zuwa Neman Gurbi: Tarihin Hanyar Ɗalibin Babura Zuwa Manyan Makarantu

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.  Ni dai ba malamin tarihi ba ne, ma'aikacin gwamnati ne kawai wanda ya taɓa zama a kan bencin da ƙannenmu suke zaune a kai yau. Saboda haka inda aka ga na yi daidai daga Allah ne, inda kuma na kauce sai a yi mini ajizanci.

Dalilin wannan rubutu shi ne wani ɗan abu da ya faru a zauren gidanmu. Na je gida Babura ganin iyaye, muna zaune da mahaifina bayan sallar la'asar, sai ga ɗan yayana wanda yake ajin ƙarshe a makarantar nan tamu, ya durƙusa ya gaishe mu, waya a hannunsa, fuskarsa cike da damuwa. Ya ce, "Baffa, an kusa fara rajistar JAMB. Wace jami'a zan cika, kuma me zan yi don kada a bar ni a baya?" Kafin in buɗe baki sai tsoho ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce, "Ikon Allah! Mu an ɓoye mu a cikin rumbu don kada a kai mu, ku kuma ga shi kuna rama don a ɗauke ku."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin kuwa a cikinta akwai tarihin mutum uku na gida ɗaya: wanda aka ɓoye, da wanda ya yi ɓatan kai a kan hanya, wato ni, da wanda yake shirin fita yanzu. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun wannan hanya tun daga farkonta, don mu ga yadda ta sauya, da kuma abin da ƙannenmu za su ɗauka daga ciki.

Zamanin Da Makaranta Ke Neman Yaro

Kamar yadda aka sani, ilimi ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun kafin zuwan Bature, yaro yakan fara da allo, in ya sauke ya shiga littattafai, in kuma ya ƙoshi da abin da malaman garinsu suke da shi sai ya ɗauki buzunsa ya nufi gabas, ko Kano, ko Zariya, wajen wanda ya fi. Ashe ke nan neman makaranta ta gaba tsohuwar al'ada ce a wurinmu, sai dai a wancan tsari babu fom, babu ranar rufewa, kuma malami ba ya cewa gurbi ya cika.

Ilimin boko kuwa ya shigo ƙasar Kano a 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. A wancan zamani Babura tana ƙarƙashin En'e ta Kano, Kazaure kuwa tana da En'enta, amma duka a cikin Lardin Kano. Yadda ake samun 'yan makaranta shi ne a aiko wa hakimi da adadin yaran da ake so, shi kuma ya raba wa dagatai, dagatai su sauke a kan masu unguwanni. Tsofaffi sun sha ba mu labarin yadda iyaye suke ɓoye 'ya'yansu in an ji sanarwa, wasu a rumbu, wasu a tura su ruga, wasu ma a tsallaka da su ƙasar Damagaram wajen dangi, tun da iyaka ba ta da nisa da mu. Sau da yawa ɗan wanda ba shi da mai tsaya masa ne ake kamawa, kuma sau da yawa shi ne daga baya ya zama abin kwatance a gari.

Tsanin karatun na lokacin siriri ne ƙwarai. Daga elementare, 'yan kaɗan ne suke wucewa Midil ta Kano, wadda ita ce Kwalejin Rumfa ta yau. Daga Midil kuma, zaɓaɓɓu ne suke samun shiga Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Ita ce ta yaye su Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kuma a 1971 ta ɗauki sunan Kwalejin Barewa. Ga masu ilimin addini kuwa, an buɗe makarantar koyon shari'a a Kano a 1934, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Wanda ya wuce nan sai ƙetare, kamar yadda aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Landan a 1945, Malam Aminu Kano kuma a 1946.

Abin lura a nan shi ne, ɗalibi ba shi da zaɓi ko kaɗan. Hedimasta da jami'in ilimi na lardi su ne suke duban yaro su ce kai malanta za ka yi, kai aikin asibiti, kai kuma akawu. Ba a tambayarsa, ba a tambayar ubansa. Amma fa a ɗaya ɓangaren, ba ya biyan ko anini, kuma aiki yana jiransa tun kafin ya gama.

Jami'a Ta Iso Arewa

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, amma 'yan Arewa da suka shige ta a shekarunta na farko ba su taka kara sun karya ba, saboda makarantun da za su shirya su ba su da yawa. Bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a ranar 4 ga Oktoba, 1962, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zama reshenta. Wannan ne karo na farko da ɗan ƙasar Kazaure ko Babura zai iya yin digiri ba tare da ya tsallaka Kwara ba.

To amma buɗe ƙofa daban, samun mai shiga daban. A lokacin, bayan shekara biyar ta sakandare sai ɗalibi ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya ci jarrabawar babbar shaida ta HSC, kafin jami'a ta dube shi. Makarantun da suke da aji shida a Arewa ƙalilan ne. Don magance wannan ne Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin shugabancin Farfesa Ishaya Audu, ta buɗe makarantar share fage ta SBS, jihohi kuma suka bi sahu da nasu kwalejojin, kamar CAS ta Kano. A 1976 aka kafa hukumar IJMB domin shirya wa irin waɗannan makarantu jarrabawa guda. Mafi yawan manyanmu da suka yi digiri a shekarun 1970 da 1980 ta wannan gada suka haye.

Ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ƙarƙashin Gwamna Audu Bako, ya ƙara buɗe hanya, domin sabuwar jiha tana bukatar ma'aikata 'yan ƙasa ido rufe. Waɗanda suka yi karatu a lokacin sukan ce gwamnati ce take bin su da tallafin karatu, ba su suke bin ta ba. A 1976 aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, kuma a shekarar ce aka buɗe babbar kwalejin horon malamai ta Gumel. Sai ga wata hanya ta biyu ta samu, wadda ta fi dacewa da ɗan talaka na karkara: ya yi kwalejin horon malamai ya sami shaida mai daraja ta biyu, ya koyar na ɗan lokaci, ya tafi ya yi NCE, daga nan ya shiga jami'a. Hanya ce mai tsawo, amma mai bin ta yana tafe yana karɓar albashi. Da yawa daga cikin malaman da suka koyar da mu ita suka bi.

Har ila yau, da gwamnatin Kano ta lura cewa jihar ba ta samar da isassun likitoci da injiniyoyi, sai ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta biyo da ta 'yan mata a Taura a 1981. Ana tsamo yara masu ƙoƙari daga kowace ƙaramar hukuma ta hanyar jarrabawa, a haɗa su da malamai da kayan aiki. Wannan dabara ta nuna wani abu da ya kamata mu riƙe: ba a ranar cika fom ake neman gurbin jami'a ba, tun shekara uku kafin nan ake nemansa.

Zuwan JAMB

Kafin 1978 kowace jami'a ita take sayar da fom ɗinta, ta yi jarrabawarta ko ganawarta, ta ɗauki wanda ta ga dama. Illar wannan ita ce, ɗalibi ɗaya mai ƙoƙari, wanda kuma yake da kuɗin sayen fom da yawa, yakan sami gurbi a jami'a uku, ya tafi ɗaya ya bar biyu babu kowa, alhali ga wasu can a gida ba su sami ko ɗaya ba. Matsalar ta ƙaru bayan 1975, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙara sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Ta Kano ce ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Saboda haka gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa hukumar JAMB da doka ta 2 ta 1978, aka naɗa Mista Michael Angulu magatakardanta na farko. A 1989 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da kwalejojin fasaha da na ilimi.

Tun da jarrabawa ta zama ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, sai tsoro ya shiga cewa yankunan da suka riga mu fara boko za su kwashe guraben. Wannan ya sa a farkon shekarun 1980 aka fito da tsarin rabo ga jami'o'in tarayya: kashi 40 cikin 100 bisa cancanta, kashi 30 ga jihohin da ke yankin jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimi, kashi 10 kuma a hannun hukumar jami'a. Daga baya aka soke kason hukuma, rabon ya koma 45 da 35 da 20. An kuma tsara cewa kashi 60 na gurabe na fannin kimiyya ne, 40 na sauran fannoni. Jigawa tana cikin jerin jihohin da aka bari a baya, kuma tana cikin yankin Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Ma'anar wannan ita ce, ɗan Babura yana da ƙofa uku ta shiga waɗannan jami'o'i, alhali wani yana da ɗaya tak. Abin takaici, yawancinmu mun gama sakandare ba mu taɓa jin wannan bayani ba.

Yayyenmu na shekarun 1980 da 1990 sun san wahalar wancan tsari. Sai an je Kano a sayi fom, a cika shi da fensir a hankali don kada a ɓata, a aika, sannan a zauna jiran sakamako ta gidan waya. Wanda ya sa adireshin makarantar da ya riga ya bari, takardarsa takan kwana a akwati har lokacin rajista ya wuce. Wasu kuma a jaridar New Nigerian wani ɗan gari zai ga sunansu ya aiko da saƙo ta hannun direban mota. A cikin wannan tsakani ne aka shigo da tsarin 6-3-3-4, aka yi jarrabawar SSCE ta farko a 1988, aji shida na da ya zama tarihi.

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa. Murna ce babba, amma ta fuskar manyan makarantu mun fito kusan hannu rabbana, domin mafi yawansu suna cikin birnin Kano da kewaye. Abin da muka dogara da shi shi ne kwalejin Gumel, da kwalejin fasaha ta jiha da aka kafa a Kazaure a 1991, wadda daga baya aka sa mata sunan Mai Martaba Sarkin Kazaure Alhaji Hussaini Adamu. A 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure. Amma jami'a kam, shekara 20 cur Jigawa ta yi ba ta da ko ɗaya. A cikin waɗannan shekaru ne hukumar NECO ta fara jarrabawarta a 2000, wadda ta ba ɗalibi dama ta biyu bayan WAEC, sannan a 2005 aka yarje wa jami'o'i su riƙa yin tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB.

Abin Da Ya Same Ni

A nan ne nawa labarin ya shigo, kuma ba don daɗinsa zan ba da shi ba. A 2008 ina ajin ƙarshe, mu uku ne aminai, kuma dukkanmu likita muke so mu zama, ba don mun san abin da aikin ya ƙunsa ba, sai don duk yaron da ya iya lissafi a garinmu "Dakta" ake ce masa. Mahaifina ya sayar da riɗin da ya ajiye don hidimar gida ya ba ni kuɗin kati da na mota. Da zai miƙa mini ya ce, "Ni ban san abin da ake yi a can ba, amma ka tsaya ka yi shi da kyau."

Muka hau mota ta hanyar Kanya da Kunya muka shiga Kano, muka sami wani shagon intanet cike da ɗalibai irinmu. Ranar ce ta farko da na zauna kusa da kwamfuta mai aiki. Yaron shagon, wanda yake cika wa mutum fiye da ashirin a wannan yini, ya tambaye ni ba tare da ya ɗago kai ba, "Bayan Turanci da Bayoloji da Kemistiri, wanne ka fi iyawa?" Na ce, "Lissafi." Ya danna. Zaɓi na farko likitanci, zaɓi na biyu ma likitanci. Ya miƙo mini takarda da wani littafi mai kauri, na cusa a jaka na yi godiya.

Sakamako ya fito na sami maki mai kyau, har aka yi ta zuwa yi wa mahaifiyata barka. Sai da na je tantancewa wani jami'i ya dubi takardata ya ce, "Samari, wa ya cika maka wannan? Likitanci da Fiziks ake nemansa, ba da Lissafi ba." Nan take na ji ƙafafuna sun kasa ɗaukata. Na dawo gida da daddare don kada in haɗu da kowa, na yi kwana uku ban fita ko masallacin ƙofar gida ba sai da duhu.

Wani malaminmu na makarantar nan, Allah Ya saka masa da alheri, shi ya aiko a kira ni. Ya ce, "Ina littafin da aka ba ka tare da kati?" Na ɗauko shi, ko buɗe shi ban taɓa yi ba. Ya buɗa shafin aikin gona ya sa yatsa ya ce, "Karanta." Sai ga shi ƙuru-ƙuru: darussan nan huɗu da na rubuta su ne daidai abin da ake nema a fannin aikin gona, kuma makina ya isa. Da na sa shi a zaɓi na biyu, da ina cikin jami'a a wannan shekara. Malam ya ce, "Ba jarrabawa ce ta kayar da kai ba, rashin tambaya ne. Matambayi ba ya ɓata." Na ce, "Haka ne, Malam." Shekarar da ta biyo na sake zama, na cika fom da kaina littafi a buɗe a gabana, Allah Ya ba ni gurbi a Jami'ar Bayero, na karanta aikin gona. Da yajin aikin malamai na 2013, wanda ya ci kusan rabin shekara, sai a 2015 na fito.

Sauran aminan nawa fa? Ɗaya ya sayi fom na biyu na kwalejojin ilimi, domin a lokacin jarrabawar daban take, ya tafi Gumel ya yi NCE. Mun yi masa dariya muna cewa ya zama malamin firamare tun da sauran ƙuruciyarsa. Da ya gama ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, muka yi hidimar ƙasa kusan lokaci ɗaya, kuma ya riga ni samun aiki. Ɗayan kuwa, wanda ya fi mu ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ya dage a kan likitanci ko ba komai. Sau huɗu yana zama, har mahaifinsa ya rasu nauyin gida ya dawo kansa. Yana nan yana sana'arsa cikin rufin asiri, amma duk ranar da muka haɗu nakan tuna cewa ƙasar nan ta yi asarar wani abu, kuma shawara ta minti goma ce da ta hana.

Jami'a A Ƙofar Gida

Abin da ya biyo baya kowa shaida ne. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta karɓi kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 jiha ta kafa tata a Kafin Hausa, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido. Sai kuma a 2021, zamanin Shugaba Muhammadu Buhari, lokacin da ɗan garin nan Alhaji Muhammad Badaru Abubakar yake gwamna, aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a nan Babura. Garin da ake ɓoye yara a rumbu, yau shi ne 'ya'yan wasu jihohi suke cikawa a fom.

Ita ma JAMB ta sauya kama. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejoji ta zama guda. A 2013 aka fara rubutawa a kwamfuta, zuwa 2015 aka daina fensir da takarda gaba ɗaya. A 2017 aka shigo da tsarin CAPS, inda ɗalibi yake ganin gurbinsa a intanet ya karɓa ko ya ƙi, a 2021 kuma aka wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa kafin rajista. To amma kada ƙannenmu su ruɗu. Kusantar jami'a ba ta nufin sauƙin shiga, domin ta tarayya ce, kuma ɗan Legas da ɗan Inugu suna da haƙƙin nema kamar ɗan Kanya da ɗan Garu. Zai zama abin kunya a ce an gina rijiya a ƙofar gidanmu, amma mu ne ba mu da guga.

Darasin Da Tarihi Ya Bari

Ga abin da na gaya wa ɗan yayana a zaure, shi ne kuma zan gaya wa duk ɗalibin da wannan mujalla ta faɗa hannunsa. Na farko, tushen komai shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da kuma Lissafi ga fannonin da ke nemansa, a zama ɗaya ko biyu, wasu fannoni ma kamar likitanci sukan nemi zama ɗaya. Wanda ba shi da su, ko ya cinye makin JAMB 400 ɗin nan duka, bai yi komai ba. Na biyu, ka karanta littafin jagora na hukuma ka san darussan da fanninka yake nema kafin ka taka wurin rajista, kuma kada ka tashi sai ka karanta abin da aka cika maka da idonka. Na uku, ka auna ƙarfinka da gaskiya, ka tambayi waɗanda suke cikin jami'ar yadda makin fannoni ya kasance a shekarun baya, ka kuma fifita jami'ar da jiharka take cikin yankinta. Na huɗu, sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a kowace takarda, domin "Muhammad" a nan "Mohammed" a can ya sha jawo wa mutane zirga-zirga. Na biyar, ka saba da kwamfuta tun kafin ranar jarrabawa. Na shida, kada ka raina NCE, ko difloma, ko IJMB, ko makarantar jinya, domin tarihin da muka bi ya nuna cewa yawancin manyanmu ta ƙofar gefe suka shiga, kuma ba a rubuta hakan a jikin digiri.

Ga iyaye kuma ina roƙon a tuna da 'ya'ya mata. Da uzurin shi ne nisa, ana tsoron tura yarinya Zariya ko Maiduguri. Yanzu makaranta ta zo inda za ta je ta dawo ta kwana a ɗakin uwarta, asibitocinmu kuma suna kukan rashin mata ma'aikata.

Kammalawa

Daga ƙarshe ina kira ga wannan ƙungiya tamu. Mun gyara azuzuwa, mun sayi kujeru, Allah Ya ba da lada. Amma ina ba da shawara mu ware rana ɗaya a kowace shekara, kafin a fara rajista, mu zo mu zauna da 'yan ajin ƙarshe da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare masu shirin zaɓen fanni, likitanmu da injiniyanmu da malaminmu da ma'aikacin gonarmu, kowa ya faɗi hanyar da ya bi da inda ya yi tuntuɓe. Mu kuma buɗe ɗan asusu don biya wa marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗin rajista, mu nemi wurin da za su riƙa gwada hannu a kwamfuta. Ni na ɗauki alkawarin zuwa da kaina, da kuɗin rajistar yara biyu a wannan shekara in Allah Ya kai mu.

Shi dai ɗan yayana mun zauna mun buɗe littafin jagora a wayarsa, ya rubuta fannoni uku da makarantu uku a takarda, kakansa yana gefe yana sa albarka. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya ba ƙannenmu sa'a, Ya kuma ɗaukaka wannan makaranta tamu da wannan ƙungiya, amin.

Naku, tsohon ɗalibi ɗan ajin 2008, daga Dutse.